Suna na Goma

Doka ce manne a ƙofar ofis:
ƙungiyar da ba ta kai mutum goma ba
ta maido da makullin ɗaki kafin Juma'a.
Mu tara ne.
Na ƙirga daga sama, na ƙirga daga ƙasa,
na sa har da Wilber da ya daina zuwa tun bara,
taran nan dai ba ta haihu ba.

Ranar baje kolin ƙungiyoyi
farfajiyar jami'a ta koma kasuwa.
'Yan rawa sun zo da ganga da siket mai ninki bakwai,
'yan ƙwallo sun goge kofinsu har yana kashe ido,
masu muhawara ko lasifika ba su nema ba,
Allah ya hore musu maƙogwaro.
Masu karatun lauya na rabon biro kyauta,
layinsu ya kai bakin famfo ya karya kwana.

Mu kuwa can ƙurya, maƙwabtan kwandon shara,
tebur mai ƙafa uku, bulo ne ta huɗu,
da madubin hangen taurari
da aka ɗaure wa wuya da salatif
tun malamanmu na ɗalibai.
Nélida ta rubuta a kwali: Zo ka ga Zara.
Da rana tsaka! Wa zai ga Zara?
Wani ya leƙa, ya ga gashin idonsa, ya wuce.
Wata ta tambaye mu hanyar banɗaki.
Wani ya ce ko muna duba sa'ar jarrabawa.

Ni ne ma'aji.
Asusunmu gwangwanin madara ne,
girgiza biyu, ya gama magana.

La'asar ta yi sanyi, dutsen Misti ya yafa ja,
ana naɗe tutoci, ana jan kujeru,
sai ga wata 'yar aji ɗaya, jakarta ta fi ta girma,
sanyin tsauni ya ƙona mata kumatu.
Ba ta ko taɓa madubin ba,
taswirarmu ta tsura wa ido.
Ta ce, "Masu haske kaɗai kuka zana.
Ina lamar?"

Muka dubi juna.

Yanet sunanta, daga wani ƙauye sama da Chivay,
inda kakarta ke kiran farin zanen nan na sama kogi.
"Akwai duhu a kogin, kuma duhun ba fanko ba ne.
Baƙar lama ce ta miƙa wuya za ta sha ruwa,
ɗanta na tsotso a ƙarƙashinta,
ga kwaɗo, ga yanyawa na bin sawu.
Ku kuna ƙirga wutar,
mu inuwar muke kiwo."

Shekara uku ina hawa rufin sashen kimiyya,
na haddace sunaye cikin harsunan da suka mutu,
ashe garke guda na wucewa ta kaina
ban taɓa yi masa sannu ba.

A daren muka hau, har da Wilber,
wanda ya ji labarin akwai shayi.
Fitilun Arequipa sun shanye kogin ƙaf,
ba wuya, ba ɗa, ba kwaɗo.
Yanet ta ɗaga yatsa kudu: "To ga idanunta."
Taurari biyun nan ne da na san nisansu,
na san nauyinsu, na ci maki a kansu,
yau suka juyo suka dube ni.

Ta karɓi biron lauyoyi ta sa hannu,
haruffa ƙanana kamar sawun tsuntsu.
Ta ce sauran jikin sai mun je ƙauyensu,
in an yi hutu, in wata ya mutu.

Makulli na aljihuna har yanzu.
Abin da ya hana ni barci
shi ne gwangwanin nan:
kuɗin motar mutum goma, zuwa da dawowa.
Na sake girgiza shi ɗazu.